Ƙiba da Jijiyoyin Jinin Matasa

Zuwa ga Edita,

Illar ƙiba ga matashi tana farawa tun kafin hawan jini ya bayyana, domin siririn rufin da ke cikin jijiyoyin jini, wanda ke sa su buɗe idan gudun jini ya ƙaru, yakan raunana. Wani bincike da aka yi a Perth ta Ostireliya, aka wallafa a 2004, ya nuna cewa motsa jiki na mako 8 ya gyara aikin jijiyoyin matasa masu ƙiba, alhali nauyinsu bai sauya sosai ba. Saboda haka kuskure ne iyaye su auna nasara da sikeli kaɗai, balle su takura wa yaron da ke kan girma da yunwa.

Daga wani mai karatu