Amanar Fatoma: Abin Da Tsofaffin Hotunan Fagge Suka Tuna Mana

A makon jiya na ziyarci wani dattijo a Fagge, ya buɗe adakarsa ya fito mini da hotuna uku waɗanda suka yi ja saboda tsufa.

Na farko ayarin Buzaye ne ya sauka a bayan badala, raƙuma sun durƙusa, ga kantun gishirin Bilma an jibge. Asalin Fagge ke nan, zango ce ta baƙi. Abin da hoton bai nuna ba shi ne fatoma, wato maigidan da yakan sauki falke, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kaya, ya samo masa mai saye, ya kuma tsaya masa in an ci bashi. Falke yakan bar dukiyarsa ya tafi Agadas, ya komo baɗi ya tarar da ita ba ta yi ciwon kai ba. Takarda ba ta shiga tsakaninsu, sai tsoron Allah.

Na biyu dalar gyaɗa ce kusa da layin dogo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, attajirai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, suka riƙa ba dillalansu kuɗi su shiga ƙauyuka saye. Da dillalan nan masu tauye mudu ne, da manomi bai sake kawo gyaɗarsa ba.

Na uku kasuwar Sabon Gari ce, unguwar da Turawa suka keɓe wa baƙi daga Kudu wajen 1913. Ga Bahaushe, ga Bayarabe, ga Ibo, rumfa na jingine da rumfa. Da dattijon ya zo kan wannan sai ya yi shiru, domin ya ga tarzomar Mayun 1953 da idonsa yana yaro, ya ga ta 1966, ya ga ta 1991. Ya ce duk lokacin da aka yi, maƙwabcin da kuka yi shekaru kuna ciniki shi ne kan fara tashi, kasuwa kuwa ta daɗe ba ta farfaɗo ba.

To, jama'a, Suratun Nisa'i ta haɗa maƙwabci na kusa da na nesa da matafiyi cikin waɗanda aka umarce mu da kyautata musu, Suratul Muɗaffifina kuwa ta yi narko ga mai tauye awo. Kai ɗan kasuwar Kantin Kwari, kai ma'aikacin da fayil ɗin baƙo ke gabanka, kowannenku fatoma ne a yau. Raƙuma sun tafi, dalar gyaɗa ta ɓace, amma baƙo bai daina sauka a Kano ba. In ya bar maka kayansa, yaya zai same su?

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya jiƙan magabatanmu, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.