Kada Mu Bar Tsohuwar Kwamfuta Ga Guduma

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana masu koyon aikin malanta a kan wani abu da nake gani a unguwarmu ta Agege, cikin Ikko.

Duk wanda ya zauna a Agege ya san 'yan gwangwan. Yawancinsu samarinmu ne daga Arewa, suna tura baro lungu lungu suna sayen mataccen kaya. Cikin abin da suke samowa har da tsofaffin kwamfutoci, gama kasuwar Computer Village ta Ikeja ba ta da nisa da mu. Kayan kuwa ba su yankewa. A 1988 aka kama ana jibge mana dattin guba na Turai a Koko, a 2005 kuma wata ƙungiya ta Amurka, Basel Action Network, ta ba da labari cewa kwantena wajen 500 na tsofaffin kayan lantarki suna sauka Ikko kowane wata, har kashi uku cikin huɗu na abin da ke ciki ba ya gyaruwa.

To, in kwamfuta ta faɗa hannun ɗan gwangwan, guduma ce makomarta. Ya fasa, ya ware ƙarfe, ya ƙona waya don ya sami jan ƙarfe, ya kai sikeli. Ban ga laifinsa ba, abinci yake nema, hayaƙin da yake shaƙa ma ya ishe shi wahala. Amma ba mai tsayawa ya duba ko wannan da za a fasa tana da sauran rai, domin ba a koya wa kowa duban ba. Laifin nan na makaranta ne, wato namu.

Gane tsohon kaya ba tsafi ba ne, karatu ne. In ka buɗe akwatin za ka ga babban faifai mai hanyoyin tagulla, wanda masu gyara ke kira bod, bisansa da waɗansu baƙaƙen ƙwayoyi masu ƙafafu da yawa. Dubi rubutun da ke kansu. Sau da yawa akwai lamba huɗu a jere, biyun farko shekara, biyun ƙarshe mako. Wato 8734 tana nufin mako na 34 a 1987. Babbar ƙwayar kuwa ita ce ƙwaƙwalwa. In an rubuta 8088, irin wadda kamfanin IBM ya sa wa kwamfutarsa ta 1981 ce. In 486 ce, ba ta riga 1989 ba, Pentium kuwa sai 1993. Ramukan da ake soka ƙananan faifai su ma shaidu ne: dogaye baƙaƙe sun girmi gajeru farare. Kayan da aka yi don kasuwar Amurka kuma sukan zo da lamba mai suna FCC ID, wadda farkonta ke nuna kamfanin da ya ƙera su.

Ciwonsu ma sananne ne. Ko dai batirin da ke riƙe agogo ya tsiyaye ya ci hanyoyin tagulla, sai a cire shi, a wanke wurin da binega, a goge da sifirit, a ɗinke hanyar da siririyar waya. Ko kuwa 'yan gwangwanayen nan da ake kira kafasita sun kumbura, sai a narke dalma a sāke su. Abu ɗaya dai, kada yaro ya buɗe akwatin wuta ko tsohon majigi mai ƙeya, gama sukan riƙe wuta mai kisa ko an zare su daga bango.

Na san wani zai ce, me za a yi da injin da wayar aljihu ta fi shi ƙarfi sau dubbai? Gaskiya ne ta fi shi. Amma malami ba ƙarfi yake nema ba, abin nuni yake nema. Wayar zamani a like take, ko ka buɗe ba abin da ido zai rarrabe. Tsohuwar kwamfuta kuwa kome nata a fili yake, yaro ya taɓa ƙwaƙwalwa, ya ga ma'ajiya, ya bi waya da yatsa. A kan koya mana cewa gani ya kori ji, amma makarantu nawa ne ake zana kwamfuta da alli a bisa allo, yara su haddace sunaye, ba su taɓa ganin cikinta ba?

Mutanen Ingila sun gane wannan. Suna da wata kwamfuta da aka gama ƙerawa a Harwell a 1951, nauyinta tan biyu da rabi. Da masu ita suka gama da ita a 1957, sai aka ba wata kwaleji a Wolverhampton, ta yi ta koyarwa da ita har 1973. Bayan ta daɗe a ajiye, masu sa kai suka gyara ta, ta sāke tashi a 2012 a gidan tarihin kwamfuta na Bletchley Park. Lalle da tsohuwar zuma ake magani.

Shawarata ita ce kwalejinmu ta ware ɗaki guda. Kowane ɗalibi da zai tafi hutu Ikko ko Kano ya nemi 'yan gwangwan, ya sayo guda kafin a fasa, ya biya su fiye da kuɗin sikeli, gama haƙƙinsu ne. Mu buɗe littafi mu rubuta sunan kowace, da shekararta, da ciwonta. Wadda ta tashi a kai ta makarantar da muke gwajin koyarwa, wadda ta ƙi a kafe gaɓoɓinta a katako da sunayensu cikin Hausa. In kuma mun fara aiki, kada mu manta da samarin baro. Wanda ya iya karanta lambar nan huɗu ya kama hanyar zama mai gyara, ya huta da hayaƙi.

'Yan'uwa, ku auna maganan nan, wanda yake da wani ra'ayi ya ba mu a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu sa'a, amin.