Hular Ulu Da Sanyin Kafanchan

 

A makon jiya na je barka Kafanchan, 'yar ƙanwata ta sauka. Duk wanda ya taɓa kwana a garin nan cikin watan Disamba ko Janairu ya san abin da ake kira ɗari. Garin yana gindin tsaunukan Jos, ga duwatsun Kagoro a gefe, da asuba iska takan sauko ta ratsa ɗaki ko da kin toshe kowace kafa. To, cikin kayan barkar da aka tara a gaban gado, da atamfofi da turamen zani da kwalayen sabulu, abin da mai jego ta fara miƙa hannu ta ɗauka shi ne wata 'yar hular ulu ruwan ƙwai da safa ƙafa biyu. Wata dattijuwa ce ta aiko da su, tsohuwar maƙwabciyar gwaggonmu, Kirista ce, 'yar ƙungiyar Zumuntar Mata. Ba ta zo da kanta ba don ƙafa ta ƙi, amma ta ce a gaya wa mai jego tun cikin yana wata shida ta ɗora hular a kan kwarashi.

Wannan hula ce ta sa na ajiye batun da na shirya muku na wannan mako.

'Yar'uwa, idan kin haura shekara arba'in, na san kin tuna lokacin da yarinya ba ta cika yarinya ba sai ta iya saƙa. Da tsinken tsintsiya biyu muka fara, wasu da wayar keke da aka goge bakinta a dutse, muna warware tsohuwar suwaita don samun zare. Ita saƙa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa: kakanninmu sun yi kaɗi da mazari, sun yi abawa, masaƙa sun yi fari da saƙi. Amma saƙar ulu da allura biyu ko da kwarashi ta yaɗu ne ta hanyar makarantu, musamman na mishan da azuzuwan koyon aikin gida. Kudancin Kaduna kuwa ya sami irin waɗannan makarantu da wuri, a garuruwa irin su Kwoi da Kagoro. Sai ga jirgin ƙasa: tun 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo, inda hanyar da ta taso daga Fatakwal ke rabuwa, ɗaya ta yi Kaduna ɗaya ta hau Jos. Ma'aikatan reluwe suka zo da matansu daga ko'ina, suka tarar da Fantswam da Kaninkon da Bajju da Hausawa da Fulani. A tsakar gidajen haya na wancan zamani, matar da ta iya ƙirar ganye sai ta nuna wa wadda ta iya ƙirar igiya, babu mai tambayar wani inda yake ibada.

Gwaggona da wannan dattijuwa haka suka zauna shekaru, katanga ɗaya ta raba su. Ita gwaggo tana saƙa tana bitar haddarta ta Islamiyya, waccan tana saƙa tana rera waƙoƙin coci cikin Hausa ƙasa-ƙasa. Idan ulun ɗaya ya ƙare ana tsakiyar hannun riga, yaro ake aikawa ta ƙofar baya. Rikicin Maris na 1987 ya zo ya wuce suna nan. Na Afrilun 2011, wanda har kasuwa ta ƙone, shi ya raba su, kowa ta koma unguwar da 'yan addininta suka fi yawa. Gwaggo ta rasu shekaru kaɗan bayan haka. Amma har yau ba a yi haihuwa a gidanmu ba tare da hula ta ƙetaro daga wancan ɓangaren gari ba. Ban ce hular ulu za ta gyara abin da ya lalace a Kafanchan ba. Abin da na gani kawai na faɗa.

Yanzu bari mu koma kan jaririn, don shi ne dalilin wannan shafi.

Jariri sabon haihuwa ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa kamar babba. Ba ya makyarkyata don ya ɗumama kansa, kitsen jikinsa kaɗan ne, kansa kuma babba ne idan aka kwatanta da sauran jiki, ga shi yakan fito a jiƙe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗumin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 zuwa 37.5. Da ya sauka ƙasa da haka sanyi ya fara kama shi, sai ya riƙa ƙona ƙarfin da ya kamata ya girma da shi. Abin ya fi tsanani ga bakwaini da duk jaririn da bai kai kilo 2.5 ba. Mu kuma mun ɗauka tun da ƙasarmu ƙasar zafi ce, sanyi ba ya kashe jariri. Yana kashewa, kuma a ɓoye, don jaririn da sanyi ya kama ba ya yawan kuka. Sai dai ki ga ya yi laƙwas, ya ƙi kama nono, a ce ai yaron mai haƙuri ne.

Ga yadda za ki gane ba tare da na'ura ba. Ki sa bayan hannunki a cikinsa, sannan a tafin ƙafarsa. Idan duka biyu da ɗumi, lafiya lau. Idan ciki da ɗumi ƙafa da sanyi, ya fara jin sanyi: ki cire masa kaya, ki bar masa hula da safa da nafkin, ki manna shi a ƙirjinki fata da fata, ki lulluɓe ku biyun, ki ba shi nono. Idan har cikin ma ya yi sanyi, ko ya ƙi tsotso, a tafi asibiti yana manne a jikinki a hakan. Wannan manna jariri a ƙirji likitoci ne suka fara shi a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978, saboda kwalaben saka bakwaini sun yi musu kaɗan, kuma yanzu shi ake koyarwa a asibitocinmu. A nan ne hular ulu take da aiki na gaske, don kan jaririn ne kaɗai ke leƙowa waje. Hular kanti kuwa yawanci ta yi wa bakwaini girma, sai ta zamo ta rufe masa hanci. Mai saƙa ce kawai za ta yi masa daidai kansa. Ma'aunin da masu saƙa ke amfani da shi mai sauƙi ne: hular da ta zauna daram a kan lemon zaƙi, ita ce ta bakwaini.

Sai batun wanka, wanda na san kakanni za su harare ni. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a jinkirta wankan farko har awa 24. A goge shi, a busar da shi, a sa masa hula. Wankan da ake yi wa jariri da sassafe a tsakar gida cikin hunturu, a bari sai rana ta ɗaga, a yi shi a cikin ɗaki, a gama da sauri.

Amma kada a wuce gona da iri. Na sha shiga ɗakin mai jego na tarar da jariri cikin suwaita biyu da hula da shawul da bargo, ga kaskon gawayi a ƙarƙashin gado, taga a rufe. Wannan ma hatsari ne. Hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da an ji warinsa ba. Jaririn da ya cika watanninsa, idan ɗaki da ɗumi kuma zai yi barci shi kaɗai, a cire masa hula, kada shawul ya zo kusa da fuskarsa. Idan kika taɓa ƙeyarsa kika ji gumi, kaya sun yi yawa. Sannan ulun da ake sayarwa a kasuwanninmu yawanci ba gashin tumaki ba ne, na roba ne, idan wuta ta lashe shi narkewa yake ya manne a fata. Yaro mai suwaita a nisanta shi da murhu da wutar jin ɗumi.

Ke kuma mai saƙa, ga nawa roƙon. Hular jariri ba ta son igiyar ɗaurewa a haɓa, ba ta son maɓalli ko duwatsun ado da zai iya cirewa ya haɗiye. Ki juya safa ki duba cikinta, ki soke duk bakin zaren da ya rage, domin silin zare ɗaya yana iya naɗe ɗan yatsan ƙafa ya kumbura, uwa tana ta neman dalilin kuka. Ki wanke kayan kafin ki bayar. Kuma ki tausaya wa kanki: in yatsu suka fara tsami ko wuya ya ƙage, ajiye kwarashin ki miƙe, kada ki yi saƙa da baƙin zare a hasken fitilar waya.

Wasu za su ce wa zai zauna saƙa alhali ga gwanjo da araha. Gaskiya ne, kuma wadda ke neman kuɗi da wannan sana'a gara ta shiga adashe ta sayi keken saƙa ta nemi kwangilar suwaitar 'yan makaranta. Ta hannu ba ta biyan wahalarta. Sai dai na lura matan da ke riƙe da ita ba don kuɗi suke yi ba. Tsohuwar da 'ya'ya suka watse suka bar ta, mai takaba da dare ke yi wa tsawo, mai ciki da aka ce ta kwanta ta huta, duk suna samun abin da zai ɗauke musu tunani, ga ƙirga ido da ke sa kai ya natsu.

Don haka ga shawara ga shugabannin mata, na Islamiyyu da FOMWAN da Zumuntar Mata da matan Katolika. Ku je ɗakin haihuwa na asibitin da ke kusa da ku, a Kafanchan ne, ko Zonkwa, ko Kwoi, ku tambayi ungozomar da ke kula da shi ko suna buƙatar hulunan bakwaini, da girman da suke so. Dunƙulen ulu ɗaya yana fitar da hula fiye da ɗaya, kuma mai hannu takan gama guda tsakanin la'asar da isha'i. Mazaje, ku kuma kuɗin ulun ya fito daga aljihunku.

Kafin in baro Kafanchan na sayi dunƙule huɗu na kai wa dattijuwar nan. Ta juya su a hannu, ta ce launin ya yi duhu ga jarirai, amma za ta karɓa. Ta kuma ce in turo mata 'yar ƙanwar tawa in ta yi arba'in, akwai ƙirar da gwaggo ta koya mata, ba ta so ta tafi da ita.