Matar da ba ta da gidan yaji: auren ƙetaren iyaka a Yola da Jimeta

Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, shi ya sa al'ada ta bar wa aure ƙofar shan iska. Idan rai ya ɓaci, mace takan ɗauki mayafinta ta tafi gidansu yaji. Bayan kwana biyu miji ya tura manya biko, a zauna a zaure, iyaye su saurari kowa, a ja kunnen mai laifi, a mayar da ita ɗakinta. Yaji ya ceci aure da yawa, domin yana tuna wa miji cewa matarsa tana da masu ita, yana kuma ba mace wurin hucewa ba tare da igiya ta tsinke ba.

A Yola da Jimeta akwai gidaje da dama da wannan ƙofa take a toshe. Matar gidan 'yar Garwa ce, ko Marwa, ko Ngaundere, wata ma daga Cadi aka kawo ta. Gidan iyayenta yana bayan shingen jami'an shige da fice, kuma ba lallai ne tana riƙe da takardar da za ta fitar da ita ta kuma dawo da ita ba. A ganina, bambancin ƙasa ba shi ne ke kashe irin wannan aure ba. Abin da ke kashe shi shi ne, ranar da aka saɓa, ɗaya yana tsakiyar danginsa da takardunsa a aljihu, ɗayan kuwa ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun. Wanda yake son gyara, daga nan ya kamata ya fara.

Kiran waɗannan mata baƙi ma yana da ɗan nauyi a bakin wanda ya san tarihin Fombina. Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a farkon ƙarni na 19, ya zauna a Gurin a bakin kogin Faro, sannan ya kafa Yola a 1841. Garwa da Ngaundere da Tibati da Banyo duk Yola suke kallo a matsayin babban gida. Turawan Ingila sun ci Yola a 1901, Jamusawa suka riƙe gabas, daga baya Faransa ta gaje su. A ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 ne yankunan Mubi da Ganye suka zaɓi zama a Najeriya. Iyaka ta raba ƙasa, amma kogin Binuwai bai daina gangarowa daga Garwa zuwa Jimeta ba, kuma auratayya ba ta tsaya ba. Harshe ɗaya ne, Fulatanci da Hausa. Mazhaba ɗaya ce ga mafi yawa.

Wannan kusanci shi ne ke yaudarar mutane. Tunda ba a jin amarya baƙuwa ce, ba wanda ke tuna cewa a idon doka baƙuwa ce. Ana ɗaura aure a masallaci, a raba goro, a sako ta a mota ta Belel ko ta Gurin, ba takardar aure, ba izinin zama. A Kamaru takardar auren da hukuma ta sani ita ce wadda ofishin magajin gari ya bayar. A nan kuma sau da yawa ba wanda ya je kotu ya nemi shaidar aure. Shekara goma za ta wuce lafiya. Ranar da aka yi faɗa ne ake gane cewa a kan takarda auren nan bai taɓa faruwa ba a ƙasashen biyu.

Musulunci ya tanadi hanyar sulhu a aya ta 35 ta Suratun Nisa'i: idan aka ji tsoron ɓaraka tsakanin ma'aurata, a naɗa mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. Hikimar a fili take, kowane ɓangare yana da mai magana da bakinsa. To, a gidan da muke magana a kai, wa zai zauna a madadin matar? Yawanci abin da ake kira sulhu shi ne surukarta da ƙannen mijinta da abokinsa su kewaye ta, kowa yana cewa ta yi haƙuri. Ko da a cikinsu akwai masu adalci, zaman bai cika sharaɗin da ayar ta gindaya ba. Kiran waya zuwa Marwa kuma ba ya maye gurbin dattijon da zai shigo zaure ya dubi suruki ido da ido. Waɗanda suka ga yadda zirga-zirga ta yi wuya bayan rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, har zuwa Disambar 2020 da aka fara buɗe wasu, sun san cewa wata rana ko da dattijon ya so zuwa, hanya ba za ta ba shi ba.

Daga nan ake samun kalmar da ta fi duka ciwo: "Sai ki koma ƙasarku." Wani ya kan ɓoye mata fasfo ko katin shaidarta, wani ya yi mata barazanar kai ƙararta wurin jami'an shige da fice. Wannan ba jan kunne ba ne, cin amana ne. Mutumin da ya raba yarinya da iyayenta da ƙasarta bisa alkawarin zai riƙe ta, shi ne na ƙarshe da ya dace ya mayar da baƙuntarta bulala. Shari'a ma ba ta ba shi wannan dama ba, domin ko saki ya yi, farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya hana fitar da mace daga ɗakinta kafin ta gama idda. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda ke aiki a Abuja kuma Adamawa ta yi irinta, ta sanya korar abokin aure daga gida da ƙarfi, da raba mutum da danginsa, da yin watsi da iyali ba ci ba sha, cikin laifuffukan da ake hukunta mutum a kansu. Dokar ta ce mutum, ba ta ce ɗan ƙasa kaɗai ba.

Abin takaici shi ne hanyar fita tana nan a rubuce, mutane ne ba su bi. Sashe na 26 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba matar da ta auri ɗan Najeriya damar neman zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista, kuma lafazin sashen ya haɗa har da wadda ta taɓa aurensa, wato bazawara da wadda mijinta ya rasu ba a rufe musu ƙofa ba. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce ke karɓar wannan buƙata. Sai dai akwai inda za a yi hattara: dokar zama ɗan ƙasa ta Kamaru ta 1968 ba ta yarda baligi ya haɗa ƙasa biyu ba, saboda haka matar da ta karɓi ta Najeriya tana iya rasa ta haihuwarta. Wannan shawara tata ce, ba a yanke mata. Wadda ba ta son rabuwa da ƙasarta tana iya neman katin izinin zama daga Hukumar Shige da Fice a matsayin matar ɗan ƙasa. Kowanne aka zaɓa, a yi shi lokacin da ake dariya da juna, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Batun 'ya'ya shi ne inda wuƙa ke kai wa ƙashi. A ƙarƙashin sashe na 25, yaron da ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Najeriya ne ɗan ƙasa ne, ko a Jimeta aka haife shi ko a Garwa. A mazhabar Malikiyya kuma uwa ce ta fi cancanta da riƙon 'ya'ya bayan rabuwa, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta. Amma malaman mazhabar sun kawo sharaɗin nisa: idan uwa za ta ƙaura ta zauna a wuri mai nisan da ya kai baridi shida daga waliyyin yaro, haƙƙin riƙon yana iya faɗuwa. Matar da ta fito daga Jambutu aka sake ta a Dubeli wannan sharaɗi bai shafe ta ba. 'Yar Ngaundere kuwa zaɓi biyu ne a gabanta, kowanne da ɗacinsa: ta zauna a garin da ba ta da kowa don ta riƙe 'ya'yanta, ko ta koma gida ta bar su.

Wasu kan zaɓi hanya ta uku, su kwashe yara cikin dare su ƙetare. A nan ne ya kamata a yi wa maza adalci, domin tsoronsu ba na banza ba ne. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar birnin Heg ta 1980 wadda ta tsara yadda ake mayar da yaron da ɗaya daga cikin iyayensa ya gudu da shi wata ƙasa. Hukuncin alƙali a Yola ba ya aiki kai tsaye a Marwa. Uban da aka tafi da 'ya'yansa sai dai ya bi ta hannun dattawa da masu sarauta. Haka kuma maza suna kuka da kuɗin da ake aikawa gida, musamman tun daga Yunin 2023 da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, abin da a da ake aikawa ba a ji ba yanzu yana cin babban kaso na albashi idan aka canza shi zuwa sefa. Suna kuka da ganin gida da ake cewa mako biyu ya koma wata uku. Waɗannan koke-koke gaskiya ne. Amma maganinsu yarjejeniya ce bayyananna: nawa za a aika, sau nawa za a je, yaushe za a dawo. Ƙwace fasfo ba ya hana gudu, sai ma ya koya wa mace cewa ranar da ta samu hanya kada ta waiwayo.

Akwai kuma 'yan'uwanmu mata da suka auri 'yan Kamaru ko Cadi mazauna Jimeta. Sashe na 26 bai ba mazajensu damar da ya ba matan ƙetare ba. Sai dai su bi sashe na 27, wanda ke neman zaman shekara 15. A ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Tarayya ta ƙi amincewa da ƙudurin gyara wannan bambanci. Mijin da ƙasa ba ta ba shi gindin zama ba yana da sauƙin tattara kayansa idan zama ya yi tsami, ya bar mace ba aure ba saki. Ya kamata irin waɗannan mata su sani cewa alƙali a Malikiyya yana da ikon raba aure saboda rashin ciyarwa ko doguwar ɓacewar miji, ba sai sun tsufa suna jira ba.

Me ya kawo wannan magana gaban ma'aikatan tarayya? Da yawa daga cikin jami'an kwastan da na shige da fice da sojoji da malaman jami'a da aka tura Adamawa sun yi aure a can, sannan canjin wurin aiki ya ɗauko su zuwa Abuja. Matar da a Yola take da maƙwabciya mai jin Fulatanci da 'yar garinsu a kasuwar Jimeta, yanzu tana Kubwa ko Lugbe, baƙunta ta zama biyu. Kuma rayuwar ma'aikaci duk takarda ce. Inshorar lafiya ta ma'aikata tana ɗaukar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, amma sai an rubuta sunansu. Layin waya da asusun banki sai da lambar shaida. Idan ma'aikaci ya rasu, kuɗin fanshonsa ba sa fita sai da wasiyya ko takardar izinin kotu. Matar da ba ta da shaidar aure, ranar da aka binne mijinta za ta tsaya a gaban dangin da wataƙila ba su taɓa son auren ba, ba ta da abin nunawa sai hotunan biki.

Gyaran ba shi da tsada. Ranar ɗaurin aure, dangin amarya su naɗa mata wakili a cikin garin da za ta zauna, dattijo ko malamin da suka amince da shi, a sanar da mai unguwa, gidansa ya zama gidan yajinta, shi kuma ya zama bakinta a wurin sulhu. A karɓi shaidar aure a ƙasashen biyu. Takardun mace su zauna a hannunta. A yi wa kowane yaro rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya. Idan rabuwa ta zama dole, a rubuta a gaban alƙali inda yara za su zauna, da lokacin da za su riƙa zuwa wurin ɗayan, dattawan ɓangarorin biyu su sa hannu, domin a wannan yanki maganar dattijo ta fi hatimin kotu saurin ƙetare iyaka. Wadda aka zalunta kuma tana iya zuwa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ko hukumar ba da lauya kyauta ga marasa ƙarfi, baƙunta ba ta hana a saurare ta.

Hukuma ma da nata. Fadar Lamiɗon Adamawa tana da daɗaɗɗiyar alaƙa da lamiɓe na arewacin Kamaru, alaƙar da ta girmi iyakar kanta. Zauren sulhu na haɗin gwiwa kan aure da riƙon 'ya'ya zai yi abin da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta yi ba. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta sauƙaƙa wa matan kan iyaka neman takarda a jiharsu, cikin harshen da suke ji. Majalisa kuma ta sake duba sashe na 26. Masu rubuta wa ministoci da 'yan majalisa takardun shawara suna cikin masu karanta wannan shafi, kuma wannan hannunka mai sanda ne gare su.

Ga magidanci kuwa, ma'aunin mai sauƙi ne. Idan 'yarka ce aka kai Ngaundere, ba ta jin Faransanci, ba ta san kowa ba, yaya kake so surukinka ya yi da ita ranar da suka saɓa? Iyayen matarka sun miƙa maka ita sun juya, ba don sun gaji da ita ba, sai don sun yarda da kai. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.