Hoton Madubin Lantarki Shaida Ne, Yana Bukatar Tazkiya

Ya 'yan'uwa malamai da fatake, Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ni kuwa na ce akwai ganin da sai an bincike shi kamar yadda alƙali yake binciken shaidu, shi ne ganin da masana suke yi da madubin lantarki.

Ku sani jikin mutum da na dabba da na tsiro an gina su ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace ƙwaya Allah ya lulluɓe ta da wani tantani na maiƙo, shi ne mai tsaron ƙofarta, abinci da magani ta nan suke shiga. Siririntarsa kuwa, in an jera dubu goma bisa juna da ƙyar su kai kaurin takarda guda. Madubin likita mai aiki da haske ba ya iya nuna shi. Sai a 1931, a Balin ta Jamus, Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera madubi mai harba ƙwayoyin lantarki a madadin haske.

To, ga inda gizo yake saƙa. Cikin wannan madubi babu iska, ɗanyen abu mai ruwa ba ya zama a ciki, kuma maiƙo ba ya tare lantarki balle ya yi inuwa. Saboda haka sai an kashe naman, an jiƙa shi da ruwan wani ƙarfe mai nauyi da ake kira osmiyom, an tsotse ruwansa da barasa, an daskarar da shi cikin danƙo, sa'an nan a yanka shi da wuƙar gilashi ko ta lu'ulu'u. Barasar nan kuwa tana wanke maiƙon da ƙarfen bai kama ba. Watau abin da ido yake gani a hoton rinin ne, kuma duk wanda ya taɓa sayen turmi a kasuwa ya san baba yakan ɓoye aibin saƙa.

Da wannan hanya J. David Robertson, wajen 1959, ya nuna tantanin a matsayin baƙaƙen layi biyu da fari a tsakani. Wannan ya dace da abin da Gorter da Grendel suka faɗa a Holan tun 1925, cewa maiƙon falle biyu ne, bayan sun tatse shi daga jajayen ƙwayoyin jini sun auna faɗinsa a kan ruwa. Amma mutane suka ƙara da cewa furotin yana shimfiɗe ne a waje kawai, kamar bangon littafi. Nan aka yi kuskure.

Shaida na biyu shi ya gyara zance. Aka koyi daskarar da nama da sanyi mai tsanani, a fasa shi, a fesa wa wurin fashewar ƙurar filatinam, a narkar da naman, a duba sawun da ya bari. A 1966 Daniel Branton a Amurka ya nuna cewa fashewar tana bin tsakiyar tantanin ne, tana raba fallayen biyu, sai ga ƙuraje barbaje a ciki. Furotin ne, yana nutse cikin maiƙon. A kan irin wannan hujja Singer da Nicolson suka kafa bayaninsu na 1972.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne labarin mesosom. Wajen 1960 aka riƙa ganin wani naɗaɗɗen tantani cikin ƙwayoyin bakteriya, aka raɗa masa suna, aka sa shi cikin littattafan makaranta, har aka yi ta jayayya a kan amfaninsa. Shekara ashirin da ɗoriya ana haka. Da aka daskarar da ƙwayoyin farat ɗaya ba tare da an fara jiƙa su da magani ba, sai aka neme shi aka rasa. Ashe maganin ne yake yamutsa tantanin. Masu hoton ba su yi ƙarya ba, sun faɗi abin da suka gani, amma duk ta hanya guda suka ɗauko, kamar hadisin da maruwaita goma suka karɓa daga mutum ɗaya mai rauni.

Ba ina cewa a yar da madubin ba ne, haba. Jacques Dubochet, a farkon shekarun 1980, ya gano yadda za a daskarar da ruwa da sauri har ya zama kamar gilashi, ba ƙanƙarar da za ta yaga tantani, ba rini, ba barasa. Shi da Joachim Frank da Richard Henderson suka sami kyautar Nobel a 2017, kuma da wannan hanya ake ganin siffar furotin ɗin da magunguna da yawa suke kamawa. Amma ita ma tana da sharaɗi: lantarki yana ƙona abin da ake dubawa, don haka kaɗan ake harbawa, hoton ya fito dishi-dishi, sai kwamfuta ta haɗa dubbai ta fitar da guda.

Saboda haka in ɗanka ɗan makaranta, ko mai tallar magani, ya miƙo maka irin wannan hoto ya ce ga hujja, tambaye shi yadda aka shirya naman, da kuma ko wata hanya dabam ta nuna haka.