Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

'Yan'uwana ɗalibai, kada mu raina tsohuwar kwamfuta. Ku dubi Commodore 64, wadda ta fito a Amurka a 1982. Da ka jona ta da talabijin ka kunna, sai ta tsaya jiran umarninka cikin harshen BASIC. Ƙwaƙwalwarta kilobait 64 ce kacal, don haka tilas ka koyi tattali da tunani. Wayar zamani kuwa ta mai da mu 'yan kallo. Wanda ya sami tsohuwar, ya fara sauya na'urar ba ta wuta, domin ta asali takan ƙona ta. Wanda bai samu ba, manhajar VICE tana kwaikwayonta kyauta. In ba mu koya ba, a masu saye za mu ƙare.