Ruwa Garau Ba Shi Ne Ruwa Mai Lafiya Ba

 A wannan wata za mu taɓo maganar ruwan sha, domin mu malamai mun daɗe muna koya wa yara cewa ruwa mai tsabta shi ne wanda ba shi da launi, ba wari, ba ɗanɗano. To, wannan darasi ya fara tsufa.

Akwai wasu sinadarai da ake kira PFAS, dubbai ne, waɗanda masana'antu suka fara aiki da su tun wajen 1940. Da su ake yin tukunyar da abinci ba ya kamawa a cikinta, da rigar ruwa, da takardar naɗe abinci mai maiƙo, da kumfar kashe gobara ta filayen jiragen sama. Aibinsu shi ne ba su ruɓewa. In sun shiga ƙasa sai su bi ruwa, in sun shiga jikin mutum sai su yi shekaru a cikin jini. A garin Parkersburg na Amurka, shanun wani manomi ne suka fara mutuwa kusa da jujin kamfanin DuPont, aka shiga shari'a a 1999, kuma zuwa 2012 masu bincike sun danganta ɗaya daga cikinsu, PFOA, da cututtuka shida, har da sankarar ƙoda.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda jihohin can suka ƙi jiran gwamnatin tarayya. Jihar New Jersey ta fara kafa iyaka a 2018, Michigan ta bi baya a 2020 da sinadarai bakwai. Sai a Afrilun 2024 gwamnatin tarayya ta ce PFOA da PFOS kada kowanne ya wuce nanogiram 4 a lita. Bari mu yi lissafin aji: giram ɗaya ke nan a cikin duro miliyan ɗaya da dubu 250. Ko da yake a 2025 an sanar da ɗaga wa'adin cika wannan sharaɗi zuwa 2031, sigar dokar ita ce abin lura: ga adadi, ga wanda zai auna, ga tilas a faɗa wa masu sha abin da aka gano.

Mu dawo gida. Kamaru ba ta rasa doka ba. Dokar ruwa mai lamba 98/005 ta 14 ga Afrilu 1998 ta hana zuba duk abin da zai gurɓata ruwa, ta yi tanadin kewaye wuraren da ake ɗibar ruwan sha, ta kuma ɗora wa duk mai ba jama'a ruwa alhakin tabbatar da ingancinsa. Magana ta yi kyau a takarda. Amma wane magidanci a Garwa ya taɓa ganin sakamakon awon ruwan famfonsa manne a bangon ofis? Mai sayen ruwa wajen 'yan ga-ruwa, wa ya gaya masa rijiyar da aka ɗebo? Takardar kuɗin ruwa dai ba ta ɓatan hanya.

Kada wani ya ce wannan ciwon ƙasashen masu masana'antu ne. Gubar da ido ba ya gani tana nan a arewacinmu tun kafin mu ji sunan PFAS. A kwarin Mayo Tsanaga, tsakanin Mokolo da Marwa, binciken da aka buga a 2010 ya gano rijiyoyi masu sinadarin fuloraid fiye da miligiram 1.5 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Daga duwatsu yake fitowa, ruwan kuwa garau, amma haƙoran yara sun rine, iyaye kuma sun ɗauka halitta ce. Ga kuma noman auduga, wanda kamfanin Sodecoton ke jagoranta daga nan Garwa tun 1974. Kowace damina ana feshin maganin ƙwari, ruwan sama ya wanke gonaki zuwa rafuka, rafukan su gangara Binuwai. Wani ma, don ganin jarkar maganin tana da kyau, sai ya ɗauraye ta ya zuba ruwan sha. Wannan kam ba sai an jira doka ba, a huda ta a raba ta da gida.

A kula, tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin kwalara, kuma ba mu ce a daina ba, don ba mu manta da annobar 2010 ba. Amma tafasawa ba ta fitar da PFAS ko fuloraid, sai ma ta ƙara musu kauri idan ruwan ya ƙone. Alif da kulorin ma ba su cire PFAS. Sai matata ta musamman, irin ta gawayin da aka sarrafa, kuma ba za a san inda ake bukatarta ba sai an auna.

Mun san tsarinmu ba irin na Amurka ba ne. Majalisar jihar Arewa da aka zaɓa karon farko a Disamban 2020 ba ta yin doka, Yawunde ke yi. Sai dai dokar rarraba iko ta 2019 ta sa samar da ruwan sha cikin ayyukan ƙananan hukumomi, saboda haka magadan gari na Garwa suna da ta cewa. Roƙonmu gare su bai taka kara ya karya ba: a riƙa auna ruwan Camwater da na rijiyoyin burtsatse na makarantu da kasuwanni ko da sau biyu a shekara, rani da damina, a manna sakamakon a karanta shi a rediyo da Fulatanci da Hausa. Rijiyoyin da ke kusa da filin jirgin sama a sa su a sahun gaba, tun da a sauran ƙasashe a irin wuraren nan aka fi samun PFAS. Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022 ta samu aikin da za ta ba ɗalibanta.

'Yan majalisarmu kuwa, idan maganar gyaran dokar 1998 ta zo gabansu, su nemi a rubuta sunan kowane sinadari da adadinsa, da ranar awo, da hukuncin wanda ya ɓoye sakamako.